Kafin A Rataya Kifi, A Fara Gwada Sikelin

Ranar 2 ga Yuli, 2009, wani mai fatsa ɗan ƙasar Japan, Manabu Kurita, ya ciro wani ƙaton kifi daga tafkin Biwa, irin wanda Amurkawa ke kira bas mai faɗin baki. Da aka ɗora shi a sikeli ya nuna kilo 10.12. Shekara 77 ke nan masu fatsa a duniya suna farautar kifin da zai wuce wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya ta Amurka ranar 2 ga Yuni, 1932, mai nauyin laba 22 da oza 4, wato kilo 10.09. Ko ɗan firamare aka ba wannan lissafi zai ce Kurita ya wuce Perry. Amma ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, kuma ita ke riƙe da kundin bajintar masu kamun kifi da fatsa, da ta gama bincikenta a farkon 2010 sai ta ce kunnen doki aka yi. Ƙa'idarta ta ce idan kifin da ke riƙe da kambu bai kai laba 25 ba, sai sabon ya ɗara shi da aƙalla oza 2, kimanin giram 57, kafin a sauke tsohon. Idan kuwa ya kai laba 25 ko ya haura, sai an ɗara shi da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Tazarar da ke tsakanin kifayen nan biyu ba ta kai giram 30 ba.

Mutane da yawa sun ga kamar an tauye Kurita, ni kuwa ina ganin hukuncin ya yi daidai, kuma dalilin da ya sa ya yi daidai shi ne abin da nake son mu tattauna. Kifin Perry a sikelin gidan waya na wani ƙaramin gari mai suna Helena aka auna shi, daga baya iyalinsa suka cinye abinsu. Na Kurita a wata nahiya aka auna shi, da wata na'ura ta wani zamani. Ba wanda zai iya rantsewa cewa sikelan nan biyu za su faɗi magana ɗaya a kan giram 30. Da ƙungiyar ta bar wannan tazara a cikin dokarta, ta amsa ke nan cewa lambar da sikeli ya nuna shaida ce kawai, kuma alƙalin kirki ba ya karɓar shaida sai ya san an tantance mai bayar da ita. Ra'ayina shi ne duk nauyin kifin da za a gina kyauta, ko suna, ko ciniki a kansa, bai cancanci a yarda da shi ba sai an san wane ne ya gwada sikelin, da me ya gwada shi, kuma yaushe. Gwajin nan kuma ya zo kafin kifi ya fito daga ruwa, a gaban waɗanda hukuncin zai shafa.

Sikeli yana iya yin ƙarya ba tare da mai shi ya yi niyyar cuta ba, kuma wannan ne mutane suka fi kasa yarda da shi. Sikelin rataye mai allura, wanda aka fi gani a bakin ruwa da kasuwannin kifi, aikinsa ya dogara ne a kan sifirin da ke miƙewa gwargwadon nauyin da aka rataya masa, ƙa'idar da Bature Robert Hooke ya bayyana tun ƙarni na 17. Ƙa'idar tana aiki ne muddin sifirin bai wuce iyakarsa ba. Ranar da aka rataya masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko kifi ya yi wata fizga mai tsanani yana rataye, ƙarfen na iya miƙewa ya ƙi komawa daidai yadda yake, daga nan kuma duk abin da aka ɗora sai ya ƙara masa nauyin da ba shi da shi. Tsatsa da laka da ƙurar hunturu suna shiga haƙoran da ke juya allurar, sai ta riƙa cijewa, ta tsaya kafin ta kai inda ya kamata. Zafi ma yana sa ƙarfe ya ɗan yi laushi, don haka sikelin da ya yini a rana ba lalle ya faɗi abin da ya faɗa da asuba ba. Ga kuma ido: wanda ya kalli allura daga gefen dama da wanda ya kalle ta daga hagu, kowa da layin da zai gani. Babban sikeli mai ɗaukar kilo 100 ko 200 yawanci tsakanin layi da layi rabin kilo ne ko kilo guda, saboda haka duk wanda ya karanto giram daga jikinsa ƙiyasi ya yi.

Za a ce ai wannan matsalar tsohon yayi ce, yanzu akwai sikeli mai batir da ke rubuto lamba har da ɗigo biyu a bayanta. Wannan shi ne ruɗin da ya fi haɗari, domin yawan lambobi yana sa zuciya ta natsu ba tare da hujja ba. A cikin irin wannan sikeli akwai wani guntun ƙarfe da ke lanƙwasawa kaɗan idan an rataya kaya, da wasu siraran wayoyi manne a jikinsa masu mayar da lanƙwasar zuwa canjin wutar lantarki, sannan ƙaramar ƙwaƙwalwar na'urar ta mayar da canjin zuwa lamba. Ko'ina a wannan hanya kuskure na iya shiga. Batir ya yi sanyi, danshi ya shiga ciki, an taɓa yar da shi a ƙasa, ko an bar kaya rataye ya daɗe, duk suna iya karkatar da amsar, kuma fuskar sikelin za ta ci gaba da nuna 12.47 cikin natsuwa ko da gaskiyar 12.10 ce. Akwai ma wani abu da ko sabon sikeli bai tsira daga gare shi ba. Mai sifirin da mai batir duka ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi suke aunawa, wannan ƙarfi kuwa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ya fi rauni a tsakiyar duniya inda muke, ya fi ƙarfi can ƙuryar arewa da kudu, da bambancin da ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Sikelin da aka saita a Ingila, idan aka kawo shi Kabi ba a sake saita shi ba, zai rage wa kifi mai kilo 78 kusan rubu'in kilo. Tsohon ma'auni mai faranti biyu da duwatsun awo ba ruwansa da wannan matsala, tunda abin da ƙasa ta rage wa kifi shi ta rage wa dutse.

Ya kamata a dubi yadda IGFA ta ɗaure wannan al'amari, domin kowace ƙa'ida a cikin nata tana toshe wata kafa ce da aka taɓa bi. Sikelin da za a auna kifin neman kambu dole ya kasance wata hukumar gwamnati ko wata cibiya da aka amince da ita ta gwada shi ta ba da takarda, kuma takardar ba ta wuce wata goma sha biyu ba. Idan ta wuce, sai an kai sikelin an gwada bayan awon, a haɗa rahoton da takardar neman kambun. Ba a auna kifi a cikin jirgi a kan ruwa, saboda tangaɗin jirgi yana sa nauyi ya riƙa hawa da sauka, sai an fito tudu. Igiya ko ƙyallen da aka rataya kifin da shi sai an auna an cire nauyinsa. Idan allura ta tsaya tsakanin layi biyu, na ƙasa ake ɗauka, ba a yarda da kintace ba. Sannan ana neman tsawon kifin da kaurinsa da hotunansa da shaidun da suka ga awon. Ta wannan hanya aka rubuta giwan ruwan da William Toth ya kama a tafkin Nasser na Masar a watan Disamba na 2000, mai kilo 104.32. Duk wanda zai sauke shi sai ya zo da wanda ya ɗara shi da fiye da rabin kilo, kuma kuskuren da canjin wuri kaɗai ke jawowa ya isa ya cinye fiye da rabin wannan tazara.

Giwan ruwa ya kawo mu gida. A ƙasar Hausa ba mu da babban taron da ake yanke hukunci da sikeli a gaban dubban jama'a kamar bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. A kogin Matan Fada, inda ake bikin, ba fatsa ake jefawa ba, homa da gora ake shiga da su, amma ƙarshen maganar iri ɗaya ce da ta masu fatsar Amurka da Japan: a ɗauko kifi, a rataya, a karanto lamba, a ba da kyauta. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi zuwa sikeli. A 2020, da bikin ya dawo bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ne, kyautarsa kuma ta haɗa da miliyoyin naira da mota da kujerar Makka. Waɗannan lambobi sun shiga jaridu da littattafai, ana kwatanta su da juna, har wasu na kafa hujja da su a kan ko kifin kogin yana ƙaruwa ko yana raguwa. To a yi wannan ɗan lissafi: idan sikelin wata shekara yana rage kashi biyu cikin ɗari, na wata shekarar kuma yana ƙara kashi biyu, kifi mai kilo 75 da mai kilo 78 sun zama nauyi ɗaya. Kashi biyu cikin ɗari kuwa ba wani abin mamaki ba ne ga sikelin rataye da ya sha aiki. Abin da jama'a ke ji a shela shi ne sunan gwani da nauyin kifinsa. Abin da nake so a riƙa shelantawa tare da su shi ne ranar da aka gwada sikelin da sakamakon gwajin.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kaina ita ce wannan: tunda sikeli ɗaya ne ke auna kowa a ranar gasa, ko yana ƙari ko yana ragi kowa ya shafa, wanda ya fi nauyi dai shi zai fito a gaba. Akwai gaskiya a ciki, kuma a gasar da na ɗaya ya ba na biyu ratar kilo goma, ba na jin kuskuren sikeli zai canza mai nasara. Amma hujjar ta ɗauka cewa kuskuren sikeli iri ɗaya ne kullum, alhali ba haka abin yake ba. Sikelin da haƙoransa ke cijewa zai iya ba kifi ɗaya amsa uku idan an rataya shi sau uku, gwargwadon yadda aka sake shi, a hankali ko da fizga. Wani yana daidai a kilo 20 ya karkace a kilo 70. Wani allurarsa ba ta komawa sifili bayan an sauke babban kaya, sai kifin da ya biyo baya ya gaji ƙarin da ba nasa ba. Idan tazarar na biyu da na uku rabin kilo ce, kuma tsakanin kyautarsu akwai mota, wannan cijewar ce ta yanke hukunci. Ban da haka, hujjar ba ta ce komai ba game da gobe. Lambar da aka shelanta ba ta mutuwa da yammacin ranar, tana zama ma'aunin da za a gwada masuntan shekaru masu zuwa da shi, da wani sikelin dabam.

Gwajin da nake magana a kai ba wani sihiri ba ne. Ana buƙatar duwatsun awo na ƙarfe waɗanda aka riga aka tabbatar da nauyinsu, irin masu kilo 20 da 10 da 5. A rataye sikelin a jikin wani abu tsayayye, ba a hannun mutum ba, domin hannu yana rawa kuma yana karkata. A tabbatar ya fara daga sifili. A riƙa ƙara duwatsu ɗaya bayan ɗaya ana rubuta abin da ya nuna, har a wuce nauyin da ake tsammanin kifi mafi girma zai kai, sannan a riƙa ragewa ana rubutawa, domin sikeli da yawa abin da suke faɗa a hawa ya sha bamban da na sauka. A maimaita nauyi ɗaya sau da yawa a ga ko amsar na tsayawa wuri guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada da kilo biyar a ce lafiya lau, sannan a rataya kifi mai kilo saba'in. Gwajin kilo biyar shaida ce a kan kilo biyar kawai. Mai fatsa da ke son duba ƙaramin sikelinsa a gida yana iya amfani da ruwa, tunda lita guda ta ruwa kusan kilo guda ce, sai dai a zafin ƙasarmu takan gaza da kimanin giram huɗu. Sharaɗin shi ne ya auna ruwan da mazubi mai layin da aka amince da shi, ya kuma cire nauyin bokitin. Jarka da buhun siminti ba su isa hujja ba, ko da an rubuta lita 25 ko kilo 50 a jikinsu, domin jarka tana ɗaukar fiye da abin da aka rubuta, buhu kuwa ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso. Gwajin gida yana gaya wa mutum ko sikelinsa ya lalace, amma ba ya maye gurbin takardar hukuma idan magana ta kai ga kyauta ko kambu.

Wata hujjar kuma ta ce wahalar banza ce, domin macuci ba sikeli yake taɓawa ba, kifin yake taɓawa. Masu wannan magana suna da babban misali. Ranar 30 ga Satumba, 2022, a birnin Cleveland na jihar Ohio, a wata gasar kamun kifin da suke kira walleye a tafkin Erie, Jacob Runyan da Chase Cominsky sun kawo kifaye biyar da sikeli ya ce sun kusa laba 34. Shugaban gasar, Jason Fischer, ya sa wuƙa ya farke cikinsu, sai ga dunƙulen dalma guda goma masu nauyin laba 7 a haɗe, tare da yankan naman wani kifin da aka cusa don a ɓoye su. Kyautar da suke shirin ɗauka ta haura dala 28,000. A 2023 sun amsa laifi, aka yanke musu kwana goma a kurkuku da tarar dala 2,500 kowanne, aka ƙwace jirginsu, aka kuma dakatar da lasisinsu na kamun kifi shekara uku. Sikelin bai yi kuskure ko kaɗan ba a ranar, dalma ya auna ya kuma faɗi gaskiyar nauyinta. Amma a duba abin da ya tona asirin. Fischer ya san cewa kifi mai wannan tsawo a wannan lokaci na shekara kusan laba huɗu yake yi, ga shi sikeli yana cewa kusan bakwai. Da yana da shakka a kan sikelinsa, da tunaninsa ya tafi ga na'ura, da kuma mutanen sun sami mafaka su ce awon ne ya rikice. Yardar da ya yi wa sikelin ita ta sa saɓanin da ke tsakanin ido da lamba ya zama tuhuma a kan kifin. Shi ya sa ake haɗa nauyi da tsawo da kauri a rubuce, har masu fatsa suna da wani tsohon lissafi na ƙiyasi: a ninka kaurin kifi da kansa a inci, a ninka da tsawonsa, a raba da 800, a sami kusan nauyinsa a laba. Lissafin ba ya ba da kambu, amma yana nuna kifin da ya kamata a farke.

Gaskiya ne akwai tambayoyin da sikeli ba zai taɓa amsawa ba. A Argungu a 2008 an karɓe kambu daga wanda ya zo na ɗaya da kifi mai kusan kilo 66, bayan masunta sun yi ƙorafin cewa kifin ya riga ya mutu kafin a fito da shi, wato daga wani wuri aka shigo da shi. Wannan aikin idon masana ruwa ne, su da suka san kalar da kifi ke yi idan ya kwana. Sai dai kasancewar gwajin sikeli bai toshe kowace ƙofa ba, ba dalili ne na barin tasa ƙofar a buɗe ba. Kuma akwai fuskar da masu kallon macuta kaɗai ke mantawa da ita, wato kare mai gaskiya. A 1955 David Hayes ya kama bas mai ƙaramin baki, laba 11 da oza 15, a tafkin Dale Hollow da ke iyakar Kentucky da Tennessee. Bayan kimanin shekara arba'in aka tono wata tsohuwar takardar rantsuwa da ke cewa an cusa wa kifin ƙarafa kafin awo, a 1996 aka soke kambunsa. Da aka sake bincike sai aka ga zargin bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma cikin abin da ya taimake shi har da cewa an auna kifin a wurare biyu, aka kuma rubuta tsawonsa da kaurinsa. A 2005 IGFA ta mayar masa da kambunsa. Shekara tara dattijon nan ya yi da sunan macuci, cikin abin da ya wanke shi kuwa har da rubutun da aka yi ranar awo.

Sai maganar kuɗi da wanda zai yi aikin. A nan ba a fara daga babu ba. Awo da ma'auni suna cikin abubuwan da kundin tsarin mulkin Najeriya ya keɓe wa gwamnatin tarayya, kuma akwai sashen awo da ma'auni a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, wanda aikinsa ne duba famfunan gidajen mai da sikelan kasuwanci ya manna musu shaida. Hukumar SON kuma tana da cibiyar kimiyyar awo ta ƙasa a Enugu, wadda ita ce ya kamata duwatsun jami'an duba su samo ingancinsu daga gare ta, ita ma ta samo nata daga ma'aunin duniya. Wannan silsila ce ke sa kilon Kabi ya zama kilon Masar da na Japan. Tun daga 20 ga Mayu, 2019 ma, kilo ya daina dogara da dunƙulen ƙarfen nan da ke ajiye a kusa da Paris, ya koma kan wani adadi na kimiyya da ba ya canzawa, amma duk wannan ci gaba ba ya isa bakin kogi sai wani ya ɗauko duwatsu ya sa a mota ya kawo. Taron da ke iya raba motoci ba zai ce duwatsun ƙarfe biyar masu kilo 20 da kuɗin motar jami'i guda sun fi ƙarfinsa ba. Ƙananan ƙungiyoyin masunta a Yawuri ko Kainji ko gaɓar tafkin Chadi suna iya haɗa kuɗi su mallaki saiti ɗaya, a ajiye a hannun Sarkin Ruwa, duk mai sikeli ya zo ya gwada nasa.

Wanda ya ce duk wannan hayaniya ce a kan wasa, ya dubi inda sikelin nan ɗaya yake zuwa bayan an tashi daga biki. Shi ne dillali ke ratayawa a bakin kududdufin mai kiwon tarwaɗa, inda ake sayar da kifi kilo-kilo, kuma ƙorafin masu kiwo a kan sikelin masu saye tsohon zance ne a wannan sana'a. Mutumin da ya ciyar da kifi wata biyar ko shida da abinci mai tsada, idan ya kwashe tan guda aka auna da sikeli mai ragin kashi uku cikin ɗari, kilo 30 ya tafi ba tare da ya ga hannun da ya ɗauka ba, kuma sau da yawa ribarsa gaba ɗaya ba ta fi 'yan irin waɗannan kiloli ba. Dillalin ma yana iya kasancewa bai sani ba, ko kuma shi ne sikelin ke cuta. Addininmu bai ɗauki tauye awo da wasa ba, akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauyewa, kuma labarin mutanen Annabi Shu'aibu sananne ne ga kowane ɗalibi. A fahimtata, wanda ke cin abinci da sikeli, ya kuma san sikeli na lalacewa, amma ya shekara bai gwada nasa ba, bai gama sauke nauyin da ke kansa ba ko da zuciyarsa fara ce. Babban taro irin na Argungu makaranta ce. Idan dubban masunta suka ga an rataya duwatsu kafin a rataya kifi, za su koma garuruwansu da sanin cewa neman haka haƙƙinsu ne.

Abin da ya fi wuyar faɗa shi ne na ƙarshe. A wurinmu, ka ce a gwada ma'aunin wani tamkar ka ce ba ka yarda da shi ba ne, balle a taron da sarakuna da manyan ruwa ke zaune. Wannan kunya gaskiya ce, kuma ba na raina ta. Amma ita ce ma ta sa na nace a kan lokaci. Gwajin da aka nema bayan an shelanta sakamako zargi ne, dole wani ya ji an ci masa fuska, kuma a lokacin kifin ya riga ya bushe a rana ya rage nauyi, ba yadda za a yi a maimaita awon ya koma yadda yake. Gwajin da aka sa a cikin tsarin biki, aka yi shi da safe kafin a ba da izinin shiga ruwa, ba ya nuna kowa da yatsa, domin a lokacin ba wanda ya san kifin wa zai zo. Gani ya kori ji. A kira wakilan masunta daga kowane yanki su tsaya, jami'in awo ya rataya duwatsu har kilo 100, mai shela ya faɗi abin da allura ta nuna a kowane mataki, a rubuta a takarda da lambar sikelin da kwanan wata, shugaban masunta da jami'in da wakilan su sa hannu. A ajiye sikeli na biyu da aka gwada haka nan domin sake auna manyan kifaye ukun farko, a ɗauki tsawo da kaurin kowanne, a kuma maimaita gwajin duwatsun da zarar an sauke kifi na ƙarshe, kafin a kira sunan kowa.